Dashen ƙoda: aiki ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ya san cewa lokacin kakar albasa kuɗi na yawo a wannan yanki. Buhu a kan buhu, manyan motoci na lodi zuwa Abijan, Akara da Kwatano, dillalai na ta ciniki tun daga hantsi har faɗuwar rana. Amma daga Birnin Ƙwanni zuwa Malbaza, daga Galmi zuwa Illela, ƴan kasuwa sun san wani ciwo da ba ya jin kunyar jari komai kaurinsa, wato mutuwar ƙoda. Idan ƙoda biyu suka daina tace jini, hanya biyu ce ta rage wa mai ciwo: ko wankin jini da na'ura, wanda bisa ƙa'ida sau uku ake yi a mako, awa huɗu kowane zama, ko kuma a dasa masa ƙodar wani. Shekaru da dama mutumin Adar da ke bukatar wankin ƙoda sai ya kwashi kayansa ya tare a Yamai, kusa da asibitin Lamorde, sama da kilomita 400 daga gidansa da rumfarsa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da jama'a suka yi murna a watan Fabrairun 2025, lokacin da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya ba da sanarwar dashen ƙodarsa na farko. Sakkwato ba ta kai kilomita 100 daga Ƙwanni ba. Kafin nan, asibitin koyarwa na Aminu Kano ya fara wannan aiki tun 2002, na Maiduguri ya bi sahu a 2010, masu hali kuma suna hawa jirgi zuwa Indiya, Masar, Tunisiya ko Turkiyya. Murnar tana kan hanya. Sai dai akwai maganar da ba a cika faɗa wa dangi ba a ranar da suke haɗa gudummawa: tiyata aikin yini ɗaya ce, kula da ƙodar da aka dasa kuwa aikin rayuwa ne gaba ɗaya. Kuma a cikin abokan gabar wannan ƙoda akwai wata ƴar mitsitsiyar ƙwayar cuta da kusan kowane baligi ke ɗauke da ita bai sani ba.

Bango da ƙadangare

Jikin ɗan Adam yana da garkuwa da ke gane baƙo ta kuma yaƙe shi. Ita ce ke kare mutum daga cututtuka, ita ce kuma ke far wa ƙodar da aka dasa. Dashen farko da ya yi nasara, wanda likita Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka ranar 23 ga Disamba 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, shi ya sa jiki bai ƙi ta ba. Ga sauran mutane dole a danne garkuwar da magani. Siklosporin ya shigo a farkon shekarun 1980, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1990 aka samu takrolimus da mikofenolat, waɗanda suka fi ƙarfi. Wanda aka yi wa dashe zai sha irin waɗannan magunguna safe da yamma, muddin ƙodar na jikinsa. Ba hutu, ba ranar sallah, ba ranar kasuwa.

To, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan likita ne da kansa ke tsaga bangon, don dole. Ƙadangaren kuwa sunansa BK. A 1971 wata masaniya mai suna Sylvia Gardner ta gano ƙwayar a Landan, cikin fitsarin wani ɗan ƙasar Sudan da aka yi wa dashen ƙoda, aka kuma raɗa mata haruffan farko na sunansa. Wato tun ranar farko a jikin ɗan Afirka aka san ta. Ana kamuwa da ita tun ƙuruciya, galibi kafin shekara goma, ba tare da wata alama ta a zo a gani ba. Awon jini a ƙasashe daban-daban ya nuna kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na manya sun taɓa haɗuwa da ita. Bayan ta shiga sai ta laɓe a cikin ƙoda da hanyar fitsari ta yi lamo. Mai lafiya zai tsufa ya mutu da ita ba ta tada masa hankali ba.

Da aka fara amfani da magunguna masu ƙarfi sai lamarin ya sauya. A 1995 likitocin Pittsburgh suka bayyana yadda ƙwayar ke cin ƙodar da aka dasa, daga nan kuma aka riƙa ganin haka a ko'ina. Alƙaluman da masana suka tara suna nuna cewa a cikin mutum 100 da aka yi wa dashe, 30 zuwa 40 ƙwayar za ta bayyana a fitsarinsu, 10 zuwa 20 za ta kai ga jininsu, sa'an nan tsakanin 1 zuwa 10 za ta kama naman ƙodar ta fara lalata shi. A shekarun da ba a awo da wuri, kusan rabin waɗanda abin ya kai su wannan mataki sukan yi asarar ƙodar baki ɗaya.

Abu uku ne suka sa wannan ciwo ya zama mugu. Ba ya zuwa da zazzaɓi ko zafi. Mutum na cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, alhali ƙodar na mutuwa a hankali. Idan kuma alamar ta fito a awon jini, takan yi kama da ta jikin da ya ƙi ƙoda, alhali maganin ɗaya kishiyar na ɗayan ne: mai ƙin ƙoda ana ƙara masa maganin danne garkuwa, mai BK kuwa rage masa ake yi. Likitan da ya yi kuskure a nan ya zuba wa wuta kananzir. Na uku, babu wani magani da aka tabbatar yana kashe ƙwayar. An gwada lebofuloksasin a Kanada, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna bai hana ta tashi ba, sai ma ƙara yawan cututtuka masu bijire wa magani da ya yi. Abin da ya rage shi ne a gano ta da wuri, a sassauta magani da lissafi, garkuwar jiki ta farfaɗo daidai gwargwado ta murƙushe ta, ba tare da ta juyo kan ƙodar ba.

Ƙwaya ɗaya, dangi da yawa

Manomin Galmi ya san albasa ba iri ɗaya ba ce, ko da yake duka albasa ake ce musu. Haka BK take. Kundin halittarta ɗan ƙarami ne, haruffa dubu biyar da ƴan kai, amma a cikinsa akwai bambance-bambance. Tun 1993 aka raba ta gida huɗu. Gida na ɗaya shi ne ya fi yawa a duniya, kimanin kashi 80 cikin 100. Na huɗu, wajen kashi 15, ya fi yawa a Asiya da wasu sassan Turai. Na biyu da na uku ba a cika samun su ba. Masu bincike na Japan, a shekarun 2000, sun ƙara nuna cewa gida na ɗaya ma ya rarrabu bisa yankuna: reshen da ake kira Ia ya fi yawa a Afirka, wani a kudu maso gabashin Asiya, wani a Turai, wani a Japan da maƙwabtanta. Ƙwayar ta yi ta bin ɗan Adam a ƙaurace-ƙauracensa tun zamanin da.

Mai karatu na iya cewa wannan ai zancen malaman jami'a ne, ina ruwan mai sayar da albasa ko malamin makaranta da shi? Da ruwansa, ta fuska uku.

Ta farko, garkuwar da mutum ya samu daga wani gida na ƙwayar ba lalle ta kare shi daga wani gidan ba. Masu bincike a Amurka sun nuna haka a 2012 da 2013. A 2018 kuma likitocin Strasbourg ta Faransa, bayan sun bi mutum 168 da aka yi wa dashe, suka gano cewa a kashi 95 cikin 100 na waɗanda ƙwayar ta tashi musu da wuri, irin ƙwayar ya dace da na wanda ya ba da ƙodar, kuma waɗanda ba su da isasshiyar garkuwa ga wannan irin su ne suka fi shiga haɗari. A taƙaice, ƙoda ba ta zuwa ita kaɗai. Da guzurinta take tafe.

Ta biyu, ƙwayar na sauya kama a cikin jikin mai ciwo. A 2008 masana a Bazel ta ƙasar Suwis suka nuna cewa idan ta daɗe tana hayayyafa, sashen kundinta da ke riƙe da linzamin hayayyafar yakan jirkice, kuma masu ɗauke da jirkitacciyar yawan ƙwayar a jininsu ya ninka na sauran kimanin sau 20. An kuma ga tana sauya rigarta ta waje don ta kuɓuce wa garkuwa. Darasin a fili yake: jinkiri ba wa ƙwayar lokaci ne ta ƙara wayo.

Ta uku, awon da ake ƙirga ƙwayar da shi a jini, wanda ake kira PCR, yana aiki ne da wani ɗan mabuɗi da aka ƙera daidai da wani yanki na kundin ƙwayar. Idan haruffan wurin sun bambanta, mabuɗin ba ya kamawa da kyau, na'ura sai ta ƙirga ƙasa da gaskiya. A 2008 wani ɗakin awo a Siyatil ta Amurka ya nuna yadda wasu gwaje-gwaje ke tauye ƙidayar gida na uku da na huɗu. Ko mudun bai ɗaya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2015 bai kawar da matsalar gaba ɗaya ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin illar mudun da ba shi da gaskiya. A nan kuwa, da wannan ƙidaya likita ke yanke shawarar rage magani ko barinsa.

Gaskiya ta wajaba a faɗe ta: masana ba su daidaita ba kan ko wani gida na ƙwayar ya fi wani ɓarna, sakamakon bincike ya saɓa wa juna a kan haka. Amma mafi yawan abin da aka sani an samo shi ne daga asibitocin Turai, Amurka da gabashin Asiya, kayan awon ma can aka ƙera su aka kuma gwada su. Ƙasashen Sahel sayen mudu suke yi ba tare da sun auna shi da hatsinsu ba.

Kalandar da ba a nuna wa dangi

Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin dashe ta duniya ta fitar a 2024 sun ce a auna ƙwayar a jini kowane wata har wata tara bayan tiyata, daga nan kowane wata uku har shekara biyu. Wanda ya iya lissafi zai ga awo 14 ke nan. Idan ƙidayar ta wuce 10,000 a kowane mililita na jini, ko ta tsaya sama da 1,000 a awo biyu a jere, lokacin taɓa magani ya yi. Ban da wannan akwai awon ƙarfin ƙoda, da awon yawan takrolimus a jini, domin kaɗan ya yi ƙasa jiki ya ƙi ƙoda, kaɗan ya yi sama ya zama guba gare ta ya kuma buɗe wa BK ƙofa.

A ɗauki misalin mutumin Tsarnawa da ya sayar da gona da mota, ƙaninsa ya ba shi ƙoda, aka yi aikin a wata ƙasa mai nisa. Bayan ƴan makonni aka sallamo shi da takardu cikin harshen da ba ya ji da jakar magani ta ƴan watanni. Aka yi walima, aka yi godiya ga Allah. Alhali kuwa a watannin farko na shekarar farko ne ƙwayar ta fi tashi, daidai lokacin da likitan da ya yi aikin yake bayan teku. Shin wa zai ɗebi jininsa a wata na uku? Ina za a kai? Kwana nawa kafin sakamako ya dawo? Wa zai karanta shi ya ce a rage ƙwaya ɗaya ko a bari? Idan waɗannan tambayoyi ba su da amsa, to ƙodar ƙanin nan tana hannun sa'a.

Wanda kuma dillalai suka ruɗa ya je ya sayi ƙodar baƙo a ɓoye, haɗarinsa ya fi haka, domin bai san jikin da ta fito ba balle guzurin da ta ɗauko, ko BK, ko ciwon hanta, ko ƙanjamau. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta kyautar gaɓa bisa sharuɗɗa ta kuma hana cinikinta. Sanarwar Istanbul ta 2008 ta yi Allah wadai da wannan fatauci. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, Ike Ekweremadu, shekara tara da wata takwas, saboda kai wani matashi Ingila don a cire ƙodarsa. Addini da doka da ilimin likita sun haɗu a wuri guda.

Siyasa da kwalbar magani

Magani da awo duk daga waje suke zuwa, saboda haka rayuwar mai dashe tana rataye da shawarar ƴan siyasa. Dattawa ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kayan waje ya yi tashin gwauron zabi, albashi kuwa na nan inda yake. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Illela, ƙofar Ƙwanni, ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanya, magunguna suka yi ƙaranci a Nijar, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024, iyakar kuma ta buɗe a watan Maris. Mai albasa ya yi asarar kaya a wancan lokaci, ya kuma sake shuka. Mai dashen da maganinsa ya yanke na ƴan makonni ba shi da wata kaka da zai jira. Wanda ya rufe iyaka yana cewa gwamnati yake horarwa. Wanda ke shan takrolimus shi ya san wa aka hora. Idan kuma ya koma ga maganin bakin kasuwa, wanda ba a san ƙarfinsa ba, ya fita daga wannan rami ya faɗa wancan.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu na da nauyi: ƙasar da zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau da tamowa ke kashe yara, ina ta ga kuɗin kula da ƴan tsirarun da suka samu halin dashe? Amsar ita ce an riga an kashe babban kuɗin. Dangi sun kashe, baitulmali ma ya daɗe yana kashewa wajen fitar da marasa lafiya waje, wanda rage shi na cikin dalilan gina babban asibitin Yamai da aka ƙaddamar a 2016. Wanda ya sayi doki ya ƙi sayen linzami bai yi tsimi ba. Ƙodar da ta mutu kuma tana maido da mai ita kan na'urar wanki, ya tare kujerar da wani talaka ke jira. Na'urorin PCR ɗin ma ba sabon abu ba ne: cibiyar CERMES ta Yamai ta yi aiki da su lokacin annobar korona a 2020, kuma da irinsu ake ƙirga ƙwayar ciwon hanta da ta ƙanjamau. Abin da ake bukata kayan awo ne, da horo, da tsari.

Abin da ya kamata magabata su yi

Ma'aikatar kiwon lafiya ta buɗe rajistar duk ɗan ƙasar da aka yi wa dashe, ko a ina aka yi, domin ba a kiwon garken da ba a ƙirga ba. Duk takardar fitar da mara lafiya waje don dashe ta ƙunshi kuɗin awo da magani na shekara biyun farko, da sunan likitan gida da zai karɓe shi. A tsara yadda za a riƙa ɗibar jini a asibitin Ƙwanni, a Galmi da babban asibitin Tawa, a aika shi ɗakin awo guda da aka amince da shi, sakamako ya dawo cikin kwanaki, kuma a tsaya ga ɗakin awo ɗaya don kada mudu ya riƙa sauyawa. Inda PCR ya gagara, ƙa'idojin 2024 sun yarda da duba fitsari da madubin likita don neman ƙwayoyin jikin da cutar ta jirkita. Rashin ganinsu na kwantar da hankali, ganinsu kuma na nuna a hanzarta awon jini. ONPPC ta ajiye maganin danne garkuwa na watanni a rumbunta. Jami'ar Abdou Moumouni da takwarorinta na Sakkwato da Kano su haɗa hannu su karanta kundin ƙwayar da ke yawo a ƙasar Hausa, su gwada kayan awon da ake sayowa a kanta. Sa'an nan hukumomin Tawa da na Sakkwato su yi yarjejeniya a rubuce cewa ko an rufe iyaka, mara lafiya da maganinsa da kwalbar jininsa za su wuce. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Ƙasashe ƙalilan ne suka cika. Wannan ɗan aiki ba ya bukatar a jira cikar alkawarin.

Su ma ƴan kasuwa da ma'aikata suna da nasu rabon. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a biya kuɗin tiyata, a tambayi asibitin ko yana awon BK, sau nawa, da kuma wa za a kira bayan an dawo gida. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago da ke tara gudummawa su ware kaso don bayan aiki, kada a zuba komai a kuɗin jirgi da na tiyata. Wanda ya ba da ƙoda shi ma a riƙa auna jininsa da fitsarinsa, domin da ɗaya ya rage. Mai dashe kuma kada ya rage magani ko ya sauya shi da kansa don ya ji labarin BK, kada ya haɗa da jiƙe-jiƙe ko maganin ciwon jiki na tebur, waɗanda da yawansu ke cutar da ƙoda.

Sama da duka, hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kai mutane ga wannan hali, kuma awonsu ba ya cin kuɗin buhun albasa ɗaya. Mai shekara arba'in da bai san awon jininsa ba, ko a rumfa yake ko a ofis, ya kamata ya sani kafin kasuwa mai zuwa.

Ƙanin da ya kwanta aka yanke shi don yayansa ya rayu ya ba da abin da ba zai sake samu ba. Likitocin Sakkwato da Kano sun nuna cewa hannun ɗan ƙasa na iya wannan aiki. Saura a ga ko magabata za su iya nasu, wanda bai wuce rajista, kayan awo, rumbun magani da buɗaɗɗiyar hanya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.